Gida Biyu, Lamba Ɗaya

Ranar Talata ce a tsakiyar Nuwamba, ƙarfe uku da 'yan mintuna, rana ta riga ta faɗi, garinmu Kajaani, can ƙarshen arewacin duniya, ya shiga shuɗin duhun nan da ke sa mutum ya kunna fitila yana jin haushi. Raili na kicin tana yanka kifi don miya. 'Yarta Saima, mai shekara sha tara, ɗalibar aikin jinya, na kwance a falo da littafi a kan ƙirji. Maigidan, Taisto, na ƙaramin ɗaki gaban kwamfutarsa ta tebur, baƙa mai gurnani, yana tsaki ƙasa-ƙasa. Ni ce ke zaune a hawan da ke ƙarƙashinsu, don haka duk abin da ya faɗi a gidansu a kaina yake faɗuwa.

Abin da ya zaunar da Taisto gaban kwamfutar shi ne gidan mahaifiyarsa Hilja, can ƙauye wajen Suomussalmi, tafiyar awa biyu a mota. Shekara biyu ke nan da rasuwar tsohuwar, gidan yana kulle. Taisto ya ƙi sayarwa, ya ƙi ba da haya, kuma bai koma ya zauna ba. Maimakon haka ya kai akwatin intanet ya ajiye a kicin ɗin tsohuwar, ya haɗa kyamara da ma'aunin zafi da hita, don kada bututun ruwa su daskare su fashe. Daga nan Kajaani yake shiga ta VPN, wadda ya taɓa tsare ni a matattakala ya yi mini bayaninta ba tare da na tambaya ba. Ya ce hanya ce rufaffiya tsakanin gidajen biyu, in ya buɗe ta sai kwamfutarsa ta ɗauka a kicin ɗin Hilja take zaune. Yana faɗa yana murmushi, kamar shi ya ƙirƙiro ta.

A ranar nan hanyar ta ƙi tsayawa. Alamar da ke gefen allo ta yi kore, ta yi rawaya, ta mutu. Ya danna, ta yi kore, bai gama gyara zama ba ta sake mutuwa. A karo na huɗu ne, daidai lokacin da ta mutu, wani abu mai nauyi ya faɗo a tsakiyar falo ya gangara har ƙarƙashin kujerar da Saima ke kwance.

Dutse ne baƙi, girman dunƙulen hannu. Raili ta kai hannu ta janye, domin da zafinsa. Taga a rufe take, rufin ɗaki lafiya lau, sama da su babu kowa. Taisto ya ɗauke shi da tsumma, ya juya shi ƙarƙashin fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wataƙila yaran unguwa ne. Dukansu sun san dutsen murhun sauna in sun gan shi, kuma gidansu na bene ba shi da sauna, wato ɗakin wankan tururi.

Washegari biyu suka faɗo, rana ta uku kuma uku, kullum da faɗuwar rana, kullum a daidai lokacin da alamar ta mutu. Ni dai na yi abin da kowane maƙwabcin kirki ke yi, ban hau na buga musu ƙofa ba, takarda na rubuta na manna a matattakala, ina roƙon mai jefa ƙarafan motsa jiki ya tuna akwai mutane a ƙasa. Ni ce shugabar kwamitin gidan, ina da hurumin yin hakan. Daga baya na ji kunyar takardar nan, amma a lokacin kaina ne ke ciwo.

Taisto bai yarda akwai wani abu da ya wuce matsalar na'ura ba, kuma da haka ya shiga mako uku na wahala. Ya kashe akwatin intanet ya kunna. Ya cire manhajar ya sake saukewa. Ya canja kalmar sirri, ya manta sabuwar, ya sake canjawa. Ya sayi sabuwar waya mai tsawo ya ja ta daga falo har ƙaramin ɗaki, Raili ta yi tuntuɓe da ita sau biyu da tukunya a hannu. Ya kira kamfanin intanet, aka bar shi minti arba'in yana jin kiɗa, da aka ɗauka aka tambaye shi ko ya gwada kashewa da kunnawa. Na ji amsar da ya bayar ta cikin rufin ɗakina, ba zan maimaita ta ba. Suka ce ta wajensu komai lafiya, ya nemi masu manhajar. Masu manhajar suka aiko wasiƙa suka ce ya nemi kamfanin intanet. A ƙarshe ya danna wani ɗan akwati da ke sa VPN ta riƙa sake haɗa kanta duk lokacin da ta katse, ya ce ai yanzu ya gama da ita.

Bayan wannan dannawar ne aka fara jin muryar. Ba magana ba ce sosai, gunaguni ne na tsoho, yana fitowa daga bayan bango, yana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman inda ya ajiye tabarau. Ƙanshin hayaƙin itace ya cika labule. Raili ta ce a kashe kwamfutar gaba ɗaya a huta, Taisto ya ce in ya kashe wa zai duba masa bututun, sanyi ya kai digiri ashirin ƙasa da sifili a ƙauye. Ta ce ya ɗauki mota ya je ya duba da idonsa. Ya ce shi ya sa aka yi na'ura, don kada mutum ya yi ta zirga-zirga. Daga nan suka koma magana ta bakin Saima, kowa ya ce ta gaya wa ɗayan abinci ya sauka ko an gode.

Ranar Alhamis ta mako na uku wayar Saima ta ƙi buɗe wata takardar makaranta, ta zauna gaban kwamfutar mahaifinta don ta buga ta. Ƙarfe uku saura kwata ne, hasken taga ya fara ja da baya. Hannunta na kan linzamin kwamfutar alamar ta mutu. Ba dutse ya faɗo ba a wannan karon. Saima ce ta sulale daga kujera a hankali, ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta naɗe ƙafafu yadda ba ta taɓa zama ba.

Raili ta taɓa kumatunta ta ji su kamar kwalbar madara da aka ciro daga firiji. Idanun yarinyar a buɗe suke, amma ba uwarta suke kallo ba, kusurwoyin ɗakin suke bi. Can ta buɗe baki, wata murya mai kauri, ta tsoho, da karin harshen mutanen daji na da, ta fito.

"Ina murhun?"

Ba ta ƙara cewa komai ba a ranar. Suka kai ta asibiti, aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce ba a ga komai ba sai dai jikinta ya yi sanyi, a lulluɓe ta, ta sha abu mai ɗumi, wataƙila gajiyar karatu ce. Suka dawo da ita suka tara mata barguna uku. Kowace safiya ma'auni na nuna ta ƙara sanyi a kan jiya. Ba ta cin komai, ba ta barci, tana zaune jikin bango tana kallon kusurwa. Ranar Asabar Raili ta sauko ta buga ƙofata, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara biyu, ta tsaya tana hawaye. Na ji tsoro ƙwarai, domin na san yarinyar nan in aka ci gaba a haka ba za ta kai wani makon ba.

Ni na kira Aune. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da huɗu, ta yi shekara talatin tana ja wa ƙauyukan arewa wayar tarho da ta intanet kafin ta yi ritaya. Kakarta kuma mai ƙaho ce, irin matan da ke yi wa mutane ƙaho a sauna su kuma san abin da ake faɗa wa wanda ba a gani. Aune ta gaji ɗaya, ta koyi ɗaya, kuma ba ta ganin wani bambanci tsakaninsu. Ta iso ƙarfe biyu, ta cire takalmi, ta sha kofi biyu da burodi mai zaƙi ba tare da ta kalli yarinyar ba. Taisto ya fara jero mata duk abin da ya gwada, ta ɗaga masa hannu.

"Taisto, duk wanda ya kira ni ya gwada komai. Matsa."

Ta zauna gaban kwamfutar, ta sauke tabarau kan hanci, ta buɗe dogon rubutun da na'urar ke ajiyewa na duk abin da ya faru da ita. Ta daɗe tana karantawa. Ta tambaye shi inda ya sayi akwatin intanet na ƙauye. Ya ce shago ɗaya da na nan, rana ɗaya, iri ɗaya, don kada a sami saɓani. Ta tambaya ko ya canja lambobin da suka zo da su daga masana'anta. Ya ce me zai sa ya taɓa abin da ke aiki.

Aune ta cire tabarau ta goge. Ta yi mana bayani a taƙaice, cewa kowane akwati yana ba gidansa lamba, kamar lambar ƙofa a titi, kuma akwatunan nan biyu lamba ɗaya suka zo da ita. In kwamfutar ta aika saƙo gidan ƙauye, sai hanya ta duba lambar ta ga ai nan ma ita ce, ta mayar da saƙon falo. Wani lokaci a yi sa'a ya wuce, wani lokaci na'urar ta rikice ta saki hanyar gaba ɗaya. Mako uku Taisto yana faɗa da kamfanoni biyu, ashe abin a lamba ɗaya tak yake, kuma shi ya saye ta da hannunsa.

Ya miƙa hannu zai gyara, ta buge hannun. Ta ce ba a gyara hanya alhali matafiyi na tsaye a tsakiyarta. Ta sa aka kashe fitilu, aka bar hasken allo kawai da ɗan shuɗin da ya rage a taga. Ta sauka da ƙyar ta zauna a ƙasa gaban Saima, gwiwoyinta na ƙara. Ni ina tsaye bakin ƙofa, Raili na riƙe da hannun rigata.

"Dattijo, sannu da hanya," in ji Aune. "Da wa nake magana?"

Kan Saima ya juyo a hankali. "Kin san ni, jikar mai ƙaho. Ni ne mai tsaron gidan Hilja. Tun kafin a ɗora rufin ina nan."

"To me ya kawo ka bene?"

"Kirana aka yi. Kullum da yamma injin nan yana buga ƙofa, yana cewa ɗan Hilja yana gida. In tashi in duba kicin, babu kowa. In duba ɗaki, babu kowa. Na ce bari in bi muryar in ga inda yake ɓuya." Muryar ta tsaya, ta yi tari irin na mai hayaƙi a ƙirji. "Na zo da duwatsuna don a san ni ne. Aka sa su a bokiti."

Aune ta tambaye shi abin da ya hana shi komawa. Ya ce ya kama hanya ba adadi, amma duk sanda ya tambayi gida sai a juyo da shi a nuna masa wannan akurkin, a ce ga shi nan. A ƙarshe hanyar ta tsinke yana tsakiya, ya kama abin da ya fi kusa. Ya yi maganar da gajiya da takaici, har na ji kamar Taisto ne ke ba da labarin kamfanin intanet.

Aune ta ce za ta gyara masa hanya ya koma, ya saki yarinyar. Ya ce a'a, yarinyar da ɗumi, rabonsa da ɗumi sanyi biyu ke nan, hitar da aka jingina masa a kicin mai jan ido ba wuta ba ce. Aune ta ce ɗumin da yake sha na yarinyar ne, ya kusa ƙarewa, in ya ƙare daga shi har ita babu mai riba. Ya ce to a ɗauke shi yadda ake yi in an yi ƙaura, a je a hura murhun Hilja a ɗebo garwashi a kawo nan, ya zauna da su. Raili ta ce murhunsu na lantarki ne, kuma ko ashana aka ƙyasta ƙararrawar hayaƙi sai ta tashi gidan duka. Gaskiya ta faɗa, dokar ma ni na sa mata hannu, na sunkuyar da kai.

"To ɗan Hilja ya dawo gida," in ji muryar.

Taisto ya matso ya durƙusa. Ya ce zai riƙa zuwa duk Asabar, zai hura murhu, zai hura sauna, ya yi alkawari.

"Haka ka gaya wa Hilja a gadon asibiti, ɗan nan. Asabar nawa ta wuce?"

Duhu ya gama cika tagar, sai hasken allo a fuskar Taisto, kuma na ga ya tsufa a cikin minti ɗaya. Na tausaya masa, duk da na yi mako uku ina jin haushinsa.

Aune ce ta yanke maganar, a hankali, kamar mai karanta takardar kammala aiki. Lambar za ta zauna wa gidan ƙauye, tunda shi ya riga, benen ya ɗauki wata. Kafin ƙanƙara ta narke Taisto zai ba da gidan ga mutanen da za su kwana a ciki su hura wuta. Muryar ta yi gunaguni ta ce ba ta son masu kare, Aune ta ce wannan kuma ba a hannunta yake ba. Sai muryar ta ƙara sharaɗi nata: in ta wuce a rufe hanyar, a rufe ta har abada, domin in injin ya sake buga ƙofa da ƙarya za ta sake biyo shi, kuma ba za ta tsaya ciniki ba.

"Sannan ɗan Hilja ya faɗa da bakinsa," in ji muryar. "Ina yake zaune?"

Taisto ya faɗi sunan titinmu, da lambar gida, da hawa na uku, Kajaani. Muryarsa ta karye a kan sunan garin.

Aune ta kama kafaɗata ta miƙe, ta koma kan kujera, ta goge lamba ɗaya ta rubuta biyu a wurinta. Akwatin falo ya mutu ya farfaɗo. Muka jira, fitilunsa na ƙiftawa ɗaya bayan ɗaya. Alamar ta yi rawaya, ta yi kore, ta tsaya. Wata iska mai ƙanshin toka ta ratsa ɗakin, takardun kan tebur suka motsa, Saima ta saki dogon numfashi ta kife, uwarta ta ruga ta tare ta a cinya. Raili ta ce idanunta sun rufe, barci take, amma har yanzu hannuwanta da sanyi.

"Ya isa gida," in ji Aune. "Saura ƙofa. Wannan kai za ka yi, ba ni ba."

Ta tashi ta ba shi kujerar. Hoton kyamara ya buɗe da kansa, tar, babu yankewa, babu dishi-dishi. Ga kicin ɗin Hilja, ga babban murhun tubali, ga teburin da tabarmar roba mai furanni, ga tawul ɗinta rataye a ƙusa. Minti biyar suka wuce alamar ba ta ko girgiza ba, minti goma haka.

"Ba ta taɓa yin kyau haka ba," in ji Taisto. Bai juyo ba. "Aune, yanzu da aka raba lambobin ai ba zai sake ɓata ba. In na bar ta a kashe, sai dai lokaci-lokaci..."

"Taisto," in ji Raili daga ƙasa, ba da ƙarfi ba. "Yatsunta sun yi shuɗi."

Ya ɗora hannu kan linzami. Ya buɗe jerin hanyoyin, guda ɗaya ce a ciki, ya sa mata suna Gida. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata yana son gogewa, domin ba za a iya dawo da ita ba. Duk tsawon makonnin nan babu abin da ta yi masa da sauƙi sai wannan. Ya danna, hoton ya ɗauke, allon ya koma shuɗi fayau.

Aune ta shiga kicin ta ɗora wa kanta wani kofi. Raili ta yi ta murza hannuwan 'yarta tana kiran sunanta, can yarinyar ta motsa, ta buɗe ido, ta tambaya da muryarta ta kullum me ya sa aka tara mata barguna kamar mai zazzaɓi, kuma me maƙwabciya ke yi a ɗakin. Aka ce mata ta yi rashin lafiya ne, ta warke. Ta ce yunwa take ji, Raili ta tashi da gudu tana kuka tana dariya.

Taisto bai tashi daga kujerar ba. Yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon allon da babu komai a kai. Saima ta miƙe tana dafa bango, bargo ɗaya a kafaɗa, ta tsaya a bayansa ta leƙa.

"Baba, har yanzu ba ta gyaru ba?"

"Ta gyaru," ya ce.

Ta dafa bayan wuyansa don kada ta faɗi. Hannun da ɗumi. Ya ɗora nasa a kai ya riƙe, bai juyo ba.